Tambaya da Amsa: Kwana a Tanti Kusa da Zane-zanen Duwatsun Áísínai'pi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Calgary da iyalina, yarana uku, kuma muna son mu kwana biyu a tanti a gandun Writing-on-Stone a hutun bazara. Ta ina zan fara, kuma za a bar mu mu ga zane-zanen da ke jikin duwatsun?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gandun yana kudancin lardin Alberta na ƙasar Kanada, a bakin kogin Milk River, kimanin kilomita 100 kudu maso gabas da Lethbridge, daf da iyakar Amurka. An kafa shi a 1957, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2019. Mutanen Blackfoot, 'yan asalin yankin, wato ƙabilun Kainai da Piikani da Siksika, suna kiransa Áísínai'pi, kuma har gobe wuri ne mai tsarki a wurinsu. Da wannan tunanin ya kamata ka shiga da yaranka.

Fara da kama wurin tanti ta shafin intanet na Alberta Parks, hukumar kula da gandayen lardin, domin ana buɗe rajista kwana 90 kafin ranar zuwa, wuraren kuma ba su da yawa. Ranakun ƙarshen mako a Yuli da Agusta nan da nan suke cika.

Zancen zane-zanen kuwa kashi biyu ne. Akwai hanyar ƙafa ta Hoodoo, wajen kilomita 2 zuwa, wadda ke kai ka ga wani zanen yaƙi mai ɗauke da siffofi sama da 250, mayaƙa da bindigogi da tantunan fata. Wannan kowa zai iya bi da kansa. Amma mafi yawan zanen yana cikin yankin da aka killace tun 1977, ba a shiga sai da jagoran gandun, don haka ka yanki tikitin rangadin tun da wuri. Ka nuna wa yara abu ɗaya: inda ka ga doki ko bindiga, zanen bai riga shekarun 1700 ba, lokacin da doki ya iso yankin. Zane-zanen mayaƙa masu tafiya a ƙafa riƙe da manyan garkuwa sun girme su.

Kada kowa ya taɓa dutsen, ko da yatsa. Dutsen yashi ne mai taushi, maiƙon hannu da gogayya suna cinye layin da ya yi ɗaruruwan shekaru. Sunayen da baƙi suka sassaƙa a jikin dutsen a da har yanzu suna nan sun ɓata wasu zanen, abin takaici ne ƙwarai, kuma dokar lardin tana hukunta mai yin haka.

Tambaya: Me ya fi ba mutane wahala a can?

Amsa: Zafi da maciji. Tsakanin duwatsun zafin rana kan haura digiri 35, inuwa kuma sai a wurin tantuna ƙarƙashin manyan bishiyoyin bakin kogi. Ku fita da sassafe, kowa da lita 2 na ruwa da hula. Dare kuwa yakan yi sanyi, a zo da bargo. Iska tana da ƙarfi, a kafa turakun tanti duka, a ɗaure igiyoyin gefe, domin tantin da aka kafa da turaku huɗu kawai shi ke tashi.

Macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya yana yankin. Yara su sa takalmi rufaffe, kada su zura hannu cikin ramin dutse. In an ji ƙararsa a tsaya, a gano inda yake, a ja baya a hankali. In ya yi sara, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya kamar yadda aka saba a gida. A cire zobe, a kwantar da mutum, a kira lambar gaggawa ta 911.

Kafin ku taso, duba ko an hana kunna wuta, don hakan na yawan faruwa a lokacin fari. Ku zo da ƙaramin murhun gas, itace kuma a saya a can, saboda na wani wuri yana kawo ƙwari da cututtukan bishiya.