Kukar Maƙera tana nan, ko da taswira ba ta san da ita ba

Ɗana, saƙonka ya iso ni lafiya. Ka ce ranar ɗaurin auren ƙanwarka ka ji maroƙi yana ta kiran danginmu "jikokin Kukar Maƙera", ka duba taswirar wayarka tun daga Tanut har Magarya ba ka ga gari mai wannan suna ba. Shi ne kake tambaya ko zuƙi-ta-malle ce irin ta maroƙa, kuma me ya sa ake ambaton garin da babu shi a wurin biki. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don a cikin 'ya'yan yayana kai ne na farko da ya yi ta.

Maroƙin bai yi ƙarya ba. Garin ya zama kufai ne, kuma na taka shi da ƙafata. Ina ɗan shekara goma kakarmu, mahaifiyar babanmu, ta tafi da ni can da rani, bisa jaki, kudu da Mirya. Da muka iso ban ga komai ba sai gona da kututturen gero. Ita kuwa ta sauka, ta cire takalmi, ta yi sallama kamar mai shiga gidan mutane. Ta riƙa nuna mini da sanda: nan zauren mai gari, nan maƙera, nan ɗakin da aka haife ta. Ta tona ƙasa da yatsan ƙafa, sai ga tsingaro da baƙin kashin maƙera, ta ɗora mini a tafin hannu, na ji nauyinsa. Rijiyar ta rufta, saura ɗan kwari da ciyawa ta fi tsawo a cikinsa. Kukar ce kaɗai a tsaye. Ta kai ni gefen gabas inda makabarta take, mai gonar ma ya bar wurin bai nome ba, muka yi wa mamata addu'a. Ta ce yunwar Kakalaba ta 1914 ce ta watse su, tana yarinya. Wasu suka faɗo Zango nan Damagaram, wasu suka yi Daura, ba a sake haɗuwa ba.

To ka ga dalilin al'adar. A da ba a ba da mace sai an san asalin mai nema, kuma asali ba ya tsayawa ga sunan uba, har da garin da kakanni suka tashi da sana'ar da suka gada. In maroƙi ya ce Kukar Maƙera, ya gaya wa dangin ango abu uku a numfashi ɗaya: inda muka fito, cewa gidan ƙira ne, da kuma waɗanda muke wasa da su, ka san tsakanin maƙera da Buzaye akwai wasa. Sau biyu a rayuwata na ga baƙo ya miƙe a wurin biki ya ce shi ma kakansa daga can yake. Da ba a ambaci sunan ba, da mun rabu ba mu san jini ɗaya ba ne.

Kada rashin sunan a taswira ya ba ka mamaki. Sunan ƙasarmu ma tafiya ya yi. Damagaram ta asali ƙauye ce a gabas da nan, wadda ake kira Damagaram ta Ƙaya, inda Malam Yunus ya kafa gidan sarauta. Daga baya sarauta ta dawo Zinder, Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, sunan ya bi sarakuna ya zauna a nan. Idan gari mai sarki ya yi ƙaura haka, ina ga ƙauyen gida ashirin?

Sannan Faransawa, bayan yaƙin Tirmini na 1899 da suka ci Damagaram, ba kowane gari suka rubuta ba. Abin da ya dame su shi ne lanho, wato haraji, da aikin dole, don haka garin da ke da mai gari mai tara kuɗi shi ya shiga littafi, ƙananan ƙauyuka da rugage aka lissafa su a ƙarƙashinsa. Har aka soke aikin dole a 1946, ƙauyuka da dama sun kwashe da dare sun tsallaka iyaka. Abin da suka rubuta ɗin ma da kunnensu suka rubuta shi. Shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal na sha ganin yara sun kasa gane garinsu a takarda. Gidan ya koma Guidan, Unguwar ta koma Angoual, Kuka ta koma Kouka, Tudun ya koma Toudoun, Mirya ta zama Mirriah, Kance ta zama Kantché. In za ka duba tsofaffin takardu a gidan ajiyarsu na Yamai, inda aka mai da babban birnin ƙasa a 1926, ka riƙa karanta sunan da ƙarfi, kunnenka zai gane abin da idonka ya kasa.

Amma ni shawarata ka fara da mutane, kuma akwai ladabinsa. Ka je bayan an cire amfanin gona, don da damina gero ya rufe komai. Ka sauka wurin mai gari mafi kusa da goronka, ka faɗi sunanka da na ubanka da na kakanka. Kada ka fito da waya ko takarda tun ba a ba ka ruwa ba. Abu mafi muhimmanci, tun kafin a tambaye ka, ka faɗa a fili cewa ba gona ka zo nema ba. Ƙasar kufai tana da ƙarfi saboda taki da tokar shekaru, yanzu kuma gonar wani ce, ya gaje ta daga ubansa. Baƙon da ya zo daga birni yana tambayar inda kakansa ya zauna, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne rigimar gado. Na taɓa yin wannan kuskure a wani ƙauye, na shiga tambaya kai tsaye, kowa ya ce bai taɓa jin sunan ba, alhali kufan yana bayan garin.

Kuma kada ka tsaya ga maza masu rawani kawai. Tsofaffin mata sun fi riƙe sunayen nan, domin su ne aure ya ɗauka daga gari zuwa gari, su ne ke saka sunan garinsu a waƙar niƙa da ta raino. Wanzami ya san askar kowane gida. Fulani makiyaya sun san kowace tsohuwar rijiya da sunanta, ko ta rufta tun kafin a haife su. Ka tambayi sunan gona ma, sau da yawa gari ya mutu amma gonar ta riƙe sunansa. In mutum biyu sun ba ka labari iri biyu, ka rubuta duka, kada ka ƙaryata dattijo a gaban jama'arsa.

Ƙafata ba ta kai ta da ba, amma in Allah ya kai mu bayan kaka, ka samo mota ranar Lahadi, ranar kasuwar Mirya ce, za mu sami mutanen ƙauyukan kudu a can su yi mana jagora. Ka zo da ƙannenka biyu. Kafin nan ka je Zango ka gaida goggonka, ka zauna ka bar ta ta yi magana, ita ce ta yi jinyar kakarmu har ta rasu, kuma ta fi ni riƙe sunayen waɗanda suka tafi Daura.

Ka gaida mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka.