Rawar sanyi cikin bacci, me ke kawo ta?

'Yar uwa sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce kina farkawa tsakar dare jikinki na karkarwa har haƙora na haɗuwa, alhali ba fanka ba hunturu. Gaskiya abu na farko da zan zarga maleriya ce, musamman da damina, lokacin da sauro ke ko'ina. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa sai ta fasa su, lokacin ne jiki yake ɗaga zafinsa ki ji sanyi kamar me ki tara barguna, can anjima zazzaɓi ya rufe ki sai gumi sharkaf har filo ya jiƙe, da safe ki ji garau ki ɗauka an wuce wurin, alhali tana nan.

Amma ba ita kaɗai ba ce, ciwon mafitsara ma yana sa haka idan fitsari na miki zafi, kuma mai ciwon suga da ke allurar insulin in bai ci abincin dare ba sugan na iya faɗuwa, mutum ya farka jikinsa na rawa yana gumi. In kuma da tari sama da sati 2 da rama, a duba tarin fuka.

Don Allah kar ki tsaya ga farasitamol ɗin kemis, ki je asibiti a ɗan soki yatsa a gwada, minti 20 sakamako ya fito. In kina da ciki ko zafin jiki ya haura digiri 38 a ma'aunin Celsius, yau ɗin nan za ki je.