Ƙofar cikin bango ta maƙale bayan sabon tayil

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Shara Mansur a Makka. Kafin azumi muka sa aka shimfiɗa mana sabon tayil a kan tsohon. Tsakanin falo da ɗakin baƙi akwai ƙofar katako irin wadda ake turawa ta shige cikin bango, wadda Larabawa ke ce wa bab sahhab. Tun ranar take gurzar ƙasa, yanzu ma ta tsaya a rabi, ba gaba ba baya. Mai tayil ya ce sai an fasa bango kafin a fito da ita. Ga baƙin Umara na tafe, ɗakin maza kuma ba ya rufuwa. Ina mafita?
Wata Hajiya daga Makka

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada a taɓa bangon nan. Na daɗe ina aikin katako a Jidda, kuma irin wannan ƙofa ta bakin ramin bangon ake fito da ita.

Ƙofar a rataye take. A samanta akwai ƙarfe mai kwarmi da ake kira majra, tayoyi biyu na gudu a cikinsa, su ke ɗauke da ita. Yawanci santimita 1 ake bari tsakaninta da ƙasa. Tayil ɗinki kuwa kaurinsa ya kai milimita 9 ko 10, ga gam ɗinsa milimita 3 zuwa 5. Kin ga ƙasa ta tashi ta cinye wurin, har da ƙari.

Abu na farko, a hana yara jan ta da ƙarfi. Idan taya ta goce daga majra a can cikin bango, a nan ne aiki zai yi tsada.

Kafin a ɗauko zarto a fara duba sama. Akwai siririn katako da ya rufe majra. A bi gefensa da wuƙa a tsaga fentin, sannan a ɓamɓare shi a hankali. Za a ga noti a ƙarƙashin kowace taya. Da siririyar sifana ake juya shi, ƙofa ta ɗaga. A fara da tayar da ke waje, mutum ɗaya ya tallafo ƙofar da hannu, a jawo ta har ta rufe, sai ta biyun ta bayyana. Sau da yawa milimita 5 ko 6 da aka samu a nan sun wadatar, musamman inda barke siriri, wato daɓen katako, aka shimfiɗa. Amma tayil a kan tayil, ina ganin sai an rage tsawon ƙofar.

Tana rataye a rufe za a yi awo. A kwantar da guntun fulawud mai kaurin santimita 1 a ƙasa, a ɗora fensir a kansa, a ja layi daga wannan gefe zuwa wancan. A lura da wurin da tayil ya fi tudu, domin ba kowane mai tayil ke daidaita ƙasa ba. Sai a kwance ɗan robar da ke bakin bango a ƙasa, mai hana ƙofa lilo, a cire katakon gefen bakin bangon, a buɗe 'yan makullan da ke riƙe ƙofa da tayoyi, a karkato ƙasanta a fito da ita. Mutum biyu ake so. Tayoyin a manne su da salatif a inda suke, kada su gangara ciki.

Wurin yankan ne nake so kafintanki ya nutsu. Ta ƙasa kawai ake yanka, domin saman ne ke riƙe da sukurori. A ƙwanƙwasa ƙofar tukuna. Idan ta yi ƙara kamar ganga, cikinta kwali ne mai kama da saƙar zuma, katakon gaske kuwa ɗan kaɗan ne a ƙasa, wani bai wuce santimita 3 ba. Na taɓa yanke santimita 4 a wani gida a Karantina ban duba ba, sai ga rami ya buɗe, ina kallon kwali. Na ɗauki guntun da ya faɗi, na kankare fatar fulawud ɗin da ke jikinsa, na shafa gam, na mayar da shi ciki, na matse shi ya kwana. Ƙofar ta yi kyau, amma yini guda ya tafi. A manna salatif a kan layin, a tsaga da wuƙa mai kaifi, sannan a bi da zarto mai ƙananan haƙora, fuskar ba za ta tsattsage ba. Idan akwai kwarmi a ƙasan ƙofar da robar ke bi, a sake haƙa shi.

Kada a mayar da ita sai an shafe wurin yankan da fenti ko banish, shafi biyu. Na san yadda matanmu ke wanke ƙasa, a kwara ruwa a bi da abin jan ruwa. Katakon da ba a rufe ba zai sha ya kumbura, kafin aikin Hajji ƙofa ta koma gurza. A haska cikin bangon da fitilar waya kuma, a zuƙe ɓaraguzan siminti da mai tayil ya bari. Wajen mayar da katakon gefe a sa gajerun ƙusoshi, doguwa takan ɓullo ciki ta karce fuskar ƙofa.

Idan gidan haya ne, maigida ya sanar da mai gidan kafin a yanka. Idan kuma an duba an ga firam ɗin alminiyam ne aka lulluɓe, a kai ƙofar warsha, wato shagon masu aikin. A sake rubuto mini tazarar da ta rage tsakanin ƙofa da ƙasa bayan an juya notin, in gaya miki ko yankan ya zama dole. Allah ya kawo baƙin lafiya.