Wai da gaske ɗan fari wawa ne, auta kuma sangartacce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Birnin Kebbi, ni ce amarya a gidanmu, 'ya'yana huɗu, uwargida tana da biyar. Babban ɗana shekararsa 13. Tun da aka yaye shi yana Argungu wajen kakarsa, wato surukata, sai bara ya dawo. Ba ya magana, in an aike shi sai ya yi ta kame-kame, har ƙannensa sun raina shi. Autata kuwa ba mai iya tanƙwara ta. Surukata ta ce in daina wahalar da kaina, wautar ɗan fari ce, halitta ce. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba halitta ba ce. Amma surukarki ba ita kaɗai ke wannan zato ba. A shekarun 1920 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Alfred Adler, ya koyar cewa jerin haihuwa na gina halin mutum, yana kwatanta ɗan fari da sarkin da aka tuɓe wa rawani ranar da aka haifi ƙaninsa. Maganar ta yi daɗin ji, ta bazu. Da aka zo gwada ta a kan jama'a masu yawa sai ta kasa tsayuwa. A 2015 an fitar da manyan bincike biyu, ɗaya a kan ɗaliban sakandare 377,000 a Amurka, ɗaya a kan mutum sama da 20,000 a Jamus da Birtaniya da Amurka. Duka biyun sun nuna cewa bambancin hali tsakanin babba da na tsakiya da auta bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya fi shafarki shi ne na ƙasar Norway a 2007, a kan samari kusan 240,000 da aka yi wa gwajin kaifin basira kafin shiga aikin soja. 'Yan fari sun ɗara na biyu da maki biyu da 'yan kai, wato akasin abin da muke faɗa a nan. Sannan yaron da aka haifa na biyu, amma wansa ko yarsa ta rasu tun tana jaririya har ya tashi shi ne babba, makinsa ya yi daidai da na 'yan fari. Ashe abin yana ga matsayin da yaro ya tashi a kai wataƙila kuma da irin hirar da manya ke yi da shi. Gidajensu na mace ɗaya ne da 'ya'ya biyu ko uku, don haka ba na ɗauko lissafinsu in jibga wa gida mai yara tara. Darasin kawai nake ɗauka.

To mu dubi matsayin da ɗanki ya samu. A al'adarmu, musamman inda jinin Fulani ya ratsa, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sai dai "yaron nan". Da an yaye shi kaka ta ɗauke. Riƙon kaka kuwa akwai gata, amma wasa ya fi yawa a ciki, don ita mijinta take kiransa, ba kasafai take tsawatarwa ba. Yanzu ya dawo gidan da ƙannensa suka riga shi sanin lungu da saƙo, suka san lokacin da Baba ke fushi da lokacin da ake roƙonsa kuɗi. A ɗakinki shi ne Yaya, a tsakar gida wataƙila shi ne na huɗu ko na biyar. Yaron da aka ce ya zama babba a inda yake baƙo dole ya yi kame-kame. Mu da muka raɗa Tanko ga namijin da ya biyo mata, Kande ga macen da ta biyo maza, Gambo ga mai bin tagwaye, mun daɗe da lura da jerin haihuwa. Inda muke kuskure shi ne mu laƙaba wa yaro hali tun yana goye, mu yi ta maimaitawa har ya yarda.

Kafin komai, ki tabbatar yana ji da gani sosai. Yaro mai matsalar kunne sau da yawa wawa ake ce masa. Ki tambayi malaminsa na boko da na Islamiyya yadda yake a aji, in akwai shakka a kai shi asibiti a duba.

In lafiyarsa ƙalau, ki rage kunyar nan ko da a cikin ɗaki ne. Al'ada ce, addini bai ɗora miki ba. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya yi wa ɗa guda, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Sakin fuska ma kyauta ce. Ki riƙa zama da shi ku biyu, ki ba shi aiki guda da ya zama nasa, kamar cefane ko kiwon awaki, kada kuma ki gyara masa kuskure a gaban ƙannensa. Wanda duk ya kira shi da gatsal ba Yaya, ki tsawatar nan take.

Auta kuwa lamarinta da sauƙi. Ta zo lokacin da kin gaji, yayye sun ɗauke mata kowane aiki, in wannan ya hana wancan ya ba ta. Ki yanka mata nata aikin daidai ƙarfinta, kuma in kin ce a'a kada wani ya warware.

Surukarki kada ki yi musu da ita. Ita ta riƙe shi shekara goma, ta fi kowa sanin abin da ya iya. Ki tambaye ta me yake yi da hannunsa a Argungu, ko su ne a gulbi ko aikin fadamar shinkafa, ki fara ba shi aiki daga nan.