Tsiron kyauta ne, tukunyar fa?

Wata Hajiya daga unguwar Nima a Accra ta rubuto mini kan sana'arta ta sayar da pothos, tsiron nan mai yaɗo da ganye mai siffar zuciya, wanda ake ratayawa a falo ko a ajiye a kan tebur. Ta ce ba ta sayen iri, daga uwa ɗaya take yanka ta dasa. Tana sayar da tukunya sidi 60, ɗan yayarta ke kai wa shagunan gyaran gashi da ofisoshi a Osu da East Legon, amma wata zai ƙare ba ta ga kuɗi ba. Yanzu tana so ta kwashi kuɗin susu, wato adashe, ta yi tukwane 500, don ta ga a TikTok masu wannan sana'a suna sayen mota.

Hajiya, ki bar kuɗin susu inda yake tukuna. Na karanta wasiƙarki daga farko har ƙarshe, ban ga inda kika faɗi nawa tukunya ɗaya ke cin ki ba. Kin faɗi abin da kike sayarwa, kin faɗi motar da kika gani, amma kuɗin da ke fita daga hannunki babu shi a ko'ina. Kin sa a ranki cewa tunda reshen kyauta ne, duk sidi 60 ɗin riba ce. Nan ne kuɗinki ke zurarewa.

Bari mu lissafa tare, ki gyara min adadin daga baya. A ce tukunya mai kyau sidi 25, baƙar ƙasa da taki sidi 5, igiyar ratayawa sidi 5, kuɗin trotro, wato motar haya, zuwa East Legon da dawowa da ɗan abin da yaro zai ci, a raba a kan tukwanen da ya ɗauka, a ce sidi 8. Mun kai 43 ke nan, ba mu sa ruwan da kike saye ranar da famfo ya ɗauke ba. Sannan akwai lokaci. Reshen da kika yanka a ƙasan gaɓa zai fito da saiwa a ruwa cikin mako biyu ko uku, amma mai ofis ba ya biyan ganye uku a tukunya. Sai kin haɗa rassa biyar ko shida, kin jira wata biyu zuwa uku ya cika ya fara zubowa. Duk tsawon nan kuɗin tukunya a kwance yake. Kuma wasu za su mutu. Shi wannan tsiro yana jure mantuwa, abin da ba ya jurewa shi ne yawan ruwa. Ki bar shi a tsakar gida cikin ruwan Mayu da Yuni a tukunyar da ba ta da huji, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya. Ki sa shi a tsakar rana, ya ƙone. Wa ke rubuta waɗanda suka mutu? Babu.

Na san wata mata a Madina da ta yi daidai abin da kike shirin yi. Ta ci bashi ta cika bayan ɗakinta da tukwane, tana ba da kaya ga masu gidajen abinci a kan "za mu turo miki ta MoMo", wato tura kuɗi ta waya. Da mai bashi ya zo, ta zauna ta fara ƙirga waɗanda take bi da ka. Ta tuna wasu, ta manta wasu, waɗanda ta tuna kuma suka ce ai sun biya yaronta. Ba ta da takardar da za ta nuna. Ta sayar da injin ɗinkinta ta biya.

Ban ce ɗan yayarki yana ci ba, kuma kada ki je ki zarge shi. Yanzu haka ko shi ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Ki sayi littafi na ƴan makaranta yau. Duk tukunyar da ta fita ƙofa, a rubuta rana, sunan shago, farashi, an biya ko ba a biya ba. Ki buɗe layin MoMo daban na sana'a, kada kuɗin cefane ya shiga ciki. Yaron kuma ki yanka masa ladarsa a kan kowace tukunya, ya san nasa, ki san naki.

Akwai abin da littafin zai nuna miki da TikTok ba zai faɗa ba: mai saye ɗaya da wuya ya dawo sau biyu, domin shi ma almakashi gare shi. Kuɗin da ke maimaituwa yana wurin ofisoshin da ba su da mai ba tsiro ruwa. Ki yi musu tayin zuwa duk mako ki shayar, ki goge ƙurar ganye, musamman a hunturu, ki canza wanda ya lalace, a biya ki duk wata. Ki riƙa gaya wa masu saye su rataye shi sama, domin ganyensa na ƙona baki idan yaro ko kyanwa ta tauna.

Ki yi wata uku kina rubutu, sannan ki aiko min da abin da ya rage a kan kowace tukunya. A kan wannan adadin za mu yanke ko za ki ƙara 50 ko 100.