Da gaske man fetur ba ya ƙarewa?

Ka tambaya ko gaskiya ne man fetur daga cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake tsatsafowa, ba daga ragowar halittu ba, don haka ba zai ƙare ba.

Tsohon ra'ayi ne. Mendeleev, masanin sinadarai ɗan Rasha, ya kawo shi a 1877, Kudryavtsev, masanin duwatsu ɗan Rasha, ya farfaɗo da shi a 1951. Masanin taurari Thomas Gold ya sa an haƙa rijiya a Siljan ta Sweden a 1986 don gwada ra'ayin, amma ba a sami man da ya isa sayarwa ba. Ɗanyen mai kuwa yana ɗauke da burbushin sinadaran tsirran ruwa, alamar cewa daga ragowar halittu ya fito.

Abin da ke damuna, wasu na fakewa da wannan ra'ayi don ƙaryata sauyin yanayi. Ko daga ina man ya fito, ƙona shi na ɗumama duniya. In jari za ka zuba a harkar mai, tuntuɓi masanin duwatsu tukuna.