Tambayoyinku: An Ƙara Mini Girma, Saƙa Tana Neman Gagara Ta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ina yi miki fatan alheri tare da dukan ma'aikatan wannan mujalla. Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a Birnin Kebbi, kuma a farkon wannan zangon karatu Allah Ya nufa aka ɗaga ni zuwa muƙamin mataimakiyar shugabar makaranta mai kula da harkokin karatu. Na yi murna ƙwarai, domin na daɗe ina koyarwa kafin wannan rana ta zo. Sai dai tun ina budurwa nake saƙa. Mahaifiyata ce ta koya mini kwarashi, daga baya na koyi allura biyu, har ta kai mutane suna kawo mini aikin rigunan sanyi na jarirai da huluna da safa da shawul. Ranar Asabar kuma 'yan matan unguwarmu suna taruwa a tsakar gidana ina koya musu. Da can nakan dawo daga makaranta da sauran ƙarfina, in zauna in yi saƙa bayan la'asar, yanzu kuwa sai dab da magariba nake shigowa, wani lokaci da takardu a hannu. Akwai ayyukan mutane da na karɓi kafin alƙalaminsu ban gama ba, cikinsu har da na wata malama da ke ƙarƙashina wadda haihuwarta ta kusa, ga kuma hunturu yana tafe. Maigida ya ce in ajiye saƙar gaba ɗaya tunda albashi ya ƙaru, ni kuwa raina bai kwanta da rabuwa da ita ba. Me kike ganin ya dace in yi?

Daga wata mai karatu, Birnin Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Ina taya ki murna, Allah Ya sanya albarka a wannan muƙami, Ya taya ki riƙo, Ya raba ki da sharrin da ke cikinsa.

Da na karanta wasiƙarki na lura cewa abubuwa biyu kika haɗa kika kira su da suna ɗaya. Akwai saƙar da kika gada daga mahaifiyarki, wadda kike ɗauka idan kin ga dama ki ajiye idan kin gaji, babu mai tambayarki inda kika kwana. Akwai kuma saƙar da aka ba ki kuɗi a kanta aka sa miki rana, wadda ta riga ta zama bashi. Ta farkon ba ta taɓa hana ki barci ba, kuma ban ga dalilin da zai sa sabon muƙaminki ya raba ki da ita ba. Ta biyun ce take cin ki, domin ita ma aiki ce mai ubangida, kuma ubangidanta ya fi na ofis tsanani: ana iya ɗaga ranar taron malamai, amma suna ranar bakwai ake yin sa, kuma mai jego ba za ta sa wa jaririnta uzurinki a jiki ba. Saboda haka maigidanki yana da gaskiya a rabin maganar, kuma ina ganin idan kika bayyana masa cewa karɓar aiki za ki daina, ba riƙe kwarashi ba, za ku daidaita ba tare da doguwar magana ba.

Ki dubi yadda shekarar makaranta take tafiya, za ki ga cewa karon da kika yi ba na wannan zango ba ne kaɗai. Buƙatar kayan sanyi tana tashi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da iskar hunturu take kaɗawa, kuma daidai wannan lokaci ne ake jarrabawar ƙarshen zango na farko, ake duba takardu, ake tattara makin gwaje-gwaje, ake cika katin sakamako. Da kina malamar aji, naki darasin kawai kike dubawa. Yanzu duk malamin da ya makara wajen miƙa maki ke za a tambaya, duk ajin da jadawalinsa ya ci karo da na wani teburinki zai zo. Zango na uku kuma yana ɗauke da jarrabawar WAEC a watannin Mayu da Yuni, NECO tana biye da ita, ga ta 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Wannan nauyi zai dawo kowace shekara muddin kina kan kujerar, don haka duk tsarin da za ki yi, ki gina shi a kan wannan kalanda, kada ki gina shi a kan fatan cewa aiki zai yi sauƙi bayan kin saba.

Akwai kuma wata magana da ban ga kin taɓo ba, alhali ita ce ta fi damuna. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a Jadawali na Biyar inda aka tsara ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, ya hana ma'aikacin da yake aiki na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Sakin layi na farko na waɗannan ƙa'idoji kuma ya hana ma'aikaci jefa kansa a yanayin da amfanin kansa zai ci karo da aikin da aka damƙa masa, kuma Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce take da alhakin karɓar koke a kan haka. Kowa ya san cewa ma'aikata da yawa suna 'yar sana'ar hannu don cike giɓin albashi, kuma ba kasafai ake bin mai saƙa hular jariri ba. Amma malamar aji da mataimakiyar shugaba ba ɗaya ba ne a idon mutane. Daga ranar da kika fara sa hannu a kan rahoton aikin wasu, kika fara raba darussa da ranakun aikin sa ido, kin samu masu lura da ke waɗanda da ba su san da zamanki ba. Ki ƙaddara malamar nan mai juna biyu ta nemi a rage mata darussa, abin da haƙƙinta ne a duba mata, kika rage. Ba za a rasa wanda zai ce ai cinikin da ke tsakaninku ne ya jawo ba. Idan kuma uwar wata ɗaliba ta kawo miki aiki ana gab da fitar da sakamako, ta biya ki fiye da ƙima, yaya za ki yi da canjin? Ni shawarata ita ce daga yau kada kuɗin saƙa ya sake shiga tsakaninki da duk wanda yake ƙarƙashinki ko yake da 'ya a makarantar.

Game da ayyukan da suke hannunki yanzu, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ki zauna da takarda a daren Juma'a ki rubuta su duka, kowanne da ranar da mai shi yake buƙatarsa da inda aikin ya tsaya. Waɗanda suka wuce rabi, ki ƙarasa su bi da bi, kina farawa da wanda ranarsa ta fi kusa. Waɗanda ba ki ɗora ko layi ɗaya ba, ki kira masu su a wannan makon, ki gaya musu gaskiyar halin da ake ciki, ki mayar musu da kuɗinsu da zarensu tun da sauran lokacin da za su nemi wata mai saƙa. Mutum yakan yafe wa wanda ya ce masa ba zai iya ba tun da wuri, amma da wuya ya manta da wanda ya yi ta ce masa gobe har ranar ta zo. Na malamar da ke ƙarƙashinki kuwa, ki mayar mata da kafin alƙalaminta, ki saƙa mata rigar da hular a matsayin barka daga gare ki, kamar yadda za ki kai wa kowace abokiyar aiki sabulu da turmin zane. Da haka kin cika alkawari, kin kuma fitar da ciniki daga tsakaninku.

'Yan matan Asabar su ne mafitarki, kuma ina roƙonki kada ki sallame su. Cikinsu ba za a rasa biyu ko uku da hannunsu ya faɗa ba. Masu kawo miki aiki ki riƙa tura su wurinsu kai tsaye, su yi cinikinsu, kuɗin ya shiga hannun yaran, ke kuma naki ya tsaya a duba aiki da gyara: ki nuna musu inda wuyan riga ya matse, da yadda ake ɓoye bakin zare don kada ya warware a wanki na farko, da dalilin da ya sa ake sayen dukan ulun aiki ɗaya a lokaci guda, tunda launi ɗaya yakan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan, har a ga hannun riga ya fi gabanta duhu. Idan kowace Asabar ta yi miki yawa, ki mayar da zaman sau biyu a wata, ki kuma sanar da su tun yanzu cewa babu zama a makonnin jarrabawa.

Sai kuma saƙarki ta kanki. A cikin zangon karatu ki tsaya ga ƙananan abubuwa, irin safa da hula da takalmin jariri, waɗanda ake gamawa a zama kaɗan, domin ganin abu ya kammala yana da daɗin da yake wanke gajiyar yini. Rabin awa bayan isha'i ya isa, da fitila mai haske sosai a gefenki. Ki ajiye ɗan littafi a cikin jakar zaren, duk lokacin da za ki tashi ki rubuta layin da kika tsaya da adadin idon da ke kan allura, saboda abin da yake sa mai saƙa ta yi watsi da aiki bayan ta yi kwanaki ba ta taɓa shi ba shi ne ta ɗauko ta rasa inda take, ta fara ƙirga daga tushe. Manyan ayyuka irin shawul da bargo ki bar su sai dogon hutu na watan Agusta, lokacin da damina ta sanyaya gari. Ko ba don aiki ba, babu mai jin daɗin rungumar ulu a zafin Afrilu na Birnin Kebbi, da ma'aunin zafi yakan haura 40. Idan kin lura kina nesanta aikin daga fuskarki kafin ki ga idon saƙa, ki je a gwada idonki, domin daga wajen shekara arba'in ganin kusa yakan ragu, kuma tabarau yana magance shi. Idan wuyan hannu ya fara zogi ko yatsu suna mutuwa, ki ajiye ki huta, in ya ci gaba ki ga likita.

Dawowa dab da magariba kullum ma abin dubawa ne. Yawancin waɗanda aka ƙara wa girma sukan ɗauki sabon aikin ba tare da sun sauke tsohon ba, wani lokaci don kunya, wani lokaci don tsoron a ce muƙami ya canza su. Idan har yanzu kina riƙe da dukan azuzuwan da kike koyarwa a da, ki sami shugabar makaranta ku zauna a rage miki. Kina da shugabannin sassa da jami'in jarrabawa da malaman aji, kuma duba tsarin darasin kowane malami aikin shugaban sashensa ne kafin ya iso gare ki. Ki sa rana ɗaya a mako ta karɓar littattafai, ki tsayar da lokacin tashi, ki daina kai takardun makaranta gida sai a makon jarrabawa. Wannan zai amfani maigida da yara kafin ma ya amfani kwarashi. Allah Ya ba da sa'a, kuma ina so ki sake rubuto mini bayan an yi hutun wannan zango.

TAMBAYA

Salamu alaikum Hajiya. Ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wata ma'aikata a Gusau, kuma kwanan nan aka ba ni shugabancin ɓangarenmu. Akwai ranakun da aiki yake yin sauƙi, musamman tsakiyar wata, kuma da can nakan fito da saƙata in yi a kan tebur. Shin laifi ne in ci gaba da haka yanzu?

Daga wata 'yar'uwa, Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri. Ki bar ta a gida, ko kuma ta zauna a jaka har a tashi. Lokacin da ke tsakanin zuwa da tashi an riga an biya ki kuɗinsa, don haka amana ne ko da babu fayil a gabanki. Bayan haka, waɗanda suke ƙarƙashinki da abin da suka ga kina yi za su yi aiki: ranar da suka ga ulu a teburin shugaba, washegari wata za ta shigo da turamen atamfa tana tallatawa, wani kuma ya shafe safiya a waya, kuma ba ki da bakin hana su. Wanda ya taso daga Ƙaura Namoda ko Talata Mafara don bin haƙƙinsa, ya leƙo ya tarar kina ƙirga idon saƙa, ko da kin gama masa aikinsa a ranar, labarin da zai kai gida daban ne. Ranakun tsakiyar wata da kike ganin babu aiki, su ne na daidaita littattafai da koya wa sababbin ma'aikata aiki, don kada ƙarshen wata ya riƙa tsare ku har dare. Idan kika yi haka za ki riƙa tashi a kan lokaci, ki sami la'asar ɗinki a gida da saƙarki a hannu.